Ciwon gindin babban yatsa bayan haihuwa: targaɗe ne ko sanyi?

Maman Sadiya, Garwa:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da na haihu, kuma kusan wata guda ina fama da ciwo a wuyan hannuna na dama, daidai gindin babban yatsa, alhali ban faɗi ba, ban kuma buge ba. Idan na ɗaga yarinyar daga shimfiɗa, ko na matse wanki, ko na riƙe muciya, sai in ji kamar an soka mini allura. Surukata ta ce sanyin jego ne, maƙwabciyata kuwa ta ce targaɗe ne, in je wurin mai ɗori. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin.

Baban Usmanu, ma'aikacin jinya, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya raya. Bayaninki ya yi kama da ciwon da likitoci ke kira da sunan De Quervain, likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan da ya bayyana shi a 1895. A Hausa komai jijiya muke ce masa, amma wadda ake nufi a nan ita ce mai haɗa tsoka da ƙashi. Guda biyu ne suke ɗaga babban yatsa, kuma suna bi ta cikin wani matsattsen kube a gefen wuyan hannu, kamar mazagi a cikin ƙugun wando. Idan aiki ya yi yawa sai kuben ya yi kauri ya matse su, shi ya sa duk motsin yatsan yake zama azaba.

Mata sun fi maza kamuwa, musamman masu shayarwa, domin sau da yawa a yini uwa tana zura hannu a hammatar jariri ta ɗaga shi, babban yatsa a buɗe, jaririn kuma kullum nauyi yake ƙarawa. Ki gwada wannan a hankali: ki kwantar da babban yatsa a tafin hannu, ki rufe shi da sauran yatsu, sannan ki karkata hannun zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. Ko lafiyayyen hannu yakan ɗan ja, saboda haka ki gwada duka biyun; idan na daman ya yi zafi mai tsanani a wurin nan, to alama ce mai ƙarfi, amma likita ne zai tabbatar.

Hajiya Inna, Injamena:
'Yata, ni na sha wannan ciwo lokacin goyon autana, kuma ina roƙonki kada ki bari a ja miki hannun. Wurin mai ɗori na fara zuwa, ya murza ya ja, na kwana uku ko buta ba na iya ɗauka. Ban ga laifinsa ba, aikinsa karaya da gocewar ƙashi ne, ni kuwa ƙashina lafiya lau yake. A asibiti aka ba ni maɗauri mai riƙe wuyan hannu da babban yatsa tare, da bai isa ba aka yi mini allura a daidai wurin, cikin mako biyu na koma tuƙa tuwona. Sai dai fatar wurin ta yi haske kamar tabon ƙuna, ta daɗe kafin ta dawo.

Baban Usmanu:
Gaskiya Hajiya ta faɗa. Allurar kotizon ce, wani maganin rage kumburi, ana zuba ta cikin kuben, kuma mafi yawan mutane suna samun sauƙi da ita. Hasken fatar sananne ne, ya fi fitowa ga masu baƙar fata, mai ciwon sukari kuma ya faɗa wa likita tun farko domin takan ɗaga sukari na 'yan kwanaki. Kafin a kai can, ana sa maɗaurin mako 4 zuwa 6, a riƙa ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 15. Ibuprofen yana rage zafi kuma mai shayarwa tana iya shansa, amma ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu. Abin da ya fi maganin muhimmanci shi ne ki sauya ɗaukar yarinyar: hannu ɗaya a ƙarƙashin mazaunanta, ɗaya a bayanta, babban yatsa a manne da sauran. Idan duk wannan ya gaza, akwai ƙaramar tiyata da ake tsaga kuben jijiyoyin su sami sarari. In kuwa yatsunki suna mutuwa da dare, ko wurin ya yi ja da zazzaɓi, wannan wani ciwon ne daban, kada ki jira.

Maman Sadiya:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Na gwada, na hagu bai yi komai ba, na dama kuwa sai da na yi ƙara. Ranar Litinin zan je asibiti in Allah ya so, wankin kuma ƙanwata ta karɓa. Tambayata ɗaya: maɗaurin nan da shi ake kwana, ko da rana kawai ake sa shi?