Neman kalmar Hausa: me za mu kira gasket ɗin kan inji?

Malamin Fasaha, Zariya: Assalamu alaikum. Ana shirya darasin gyaran tsofaffin motoci da Hausa, kuma kalma biyu sun tsaya mana. Ta farko ita ce abin da Turawa ke kira head gasket, 'yan gareji kuma su ce tof gasket: falle ne da ake shimfiɗawa tsakanin kan inji da gangarsa, an huda masa ramukan silinda, da hanyoyin ruwa, da na baƙin mai. Ta biyu, harrufan da ke nuna irin inji, kamar 4A-FE ko ABS. Mun ce "lambar inji", sai ta ci karo da lambar da ke cikin takardun mota. Ogogi, ku taimaka.

Oga Fanteka, Kaduna: Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da ta biyun, don wanda bai san injin da ke gabansa ba gasket ɗin wani zai sayo. Ni zan ce sunan yanka. Mota tana da laƙabi iri-iri a bakin mutane, amma sunan yanka na inji yana buge a jikin ganga, a wani wuri da aka goge ya yi sumul, galibi daf da inda ganga ta haɗu da giyabos ko ƙasa kaɗan da kai. A wanke da kalanzir, a goga alli, harrufan za su fito. Kada a dogara da rubutun bayan but, domin tsohuwar mota da wuya a ce ba a taɓa sauya mata inji ba. Golf 3 kaɗai tana zuwa da inji mai lita 1.6, da 1.8 mai harrufa AAM ko ABS ko ADZ, da 2.0 mai 2E ko AGG, ga na gas 1.9 irin AAZ da 1Z. Akwai 'yar takarda manne cikin but kusa da safaya mai ɗauke da harrufan, amma ita injin da aka fito da shi daga kamfani take faɗa. Abin da ke jikin ƙarfe shi ne magana.

Mai Shago, Ƙofar Ruwa: Na goyi bayan Oga. A Toyota ma sunan yana da fassara: a 4A-FE, A ita ce zuriyar injin, E kuma injekta ne, ba kafireto ba. 4A-FE cc 1587 ne, 7A-FE cc 1762, kuma a ido kamar tagwaye suke. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ita ma haka: akwai XM mai cc 1796 da faɗin silinda milimita 84, akwai XN1 mai cc 1971 da milimita 88. Tazarar milimita huɗu ce, amma in aka sa ƙaramin gasket a babban inji, bakinsa zai leƙa cikin wuta ya ƙone. Shi ya sa muke so a zo da tsohon a ɗora bisa sabon, rami ya hau rami. Batun suna kuwa, ni gammo ya zo mini: abin da ke shiga tsakanin kai da kaya.

Ɗan Maraɗi: Mu nan juwan kilas muke cewa, daga Faransanci, kuma kan injin shi ne kilas. Gammo yana da daɗin faɗi, Alhaji, amma aikin gammo sassauta nauyi ne, wanga abu kuwa tarewa yake yi. Ku dubi mai dambu: in ta ɗora madambaci bisa tukunya sai ta naɗe mahaɗar da tsumma da kuka don kada tururi ya sulale. Aikin kenan. Me zai hana mu ce liƙin kan inji?

Oga Fanteka, Kaduna: Misalin madambaci ya zauna daram, ɗan'uwa, sai dai kalmar liƙi tana ba ni tsoro. Yaro na koyo in ya ji liƙi, gam zai ɗauko, kuma shafa gam a wannan gasket na cikin manyan abubuwan da ke ɓata aiki. Gam yana hana shi kwanciya daidai, zafi ya cinye shi, rarar kuma ta ɓalle ta toshe hanyar mai. A bushe ake sa shi, fuska biyu tsaf ba maiƙo. Matsin notuna ne ke riƙe shi.

Malamin Fasaha, Zariya: To ga wata: shamaki. Abu uku ne ke ratsa wannan mahaɗa, wuta da ruwa da baƙin mai, kuma ba a so ɗaya ya taɓa ɗaya. Kowace alamar lalacewa ma daga inda shamakin ya karye take fitowa. In tsakanin wuta da ruwa ne, a buɗe murfin lagireto da safe inji na sanyi, a tayar: za a ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, tiyo ya yi tauri cikin 'yan mintuna, salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri ko bayan inji ya ɗumama, fulogi ɗaya kuma ya fito fes kamar an wanke shi. In tsakanin ruwa da mai ne, baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara. In tsakanin silinda biyu maƙwabta ne, ruwa ba ya raguwa, sai rawar inji da rashin ƙarfi, kuma awon matsi zai nuna su biyun sun faɗi tare. Ɗan farin maiƙo a murfin mai kaɗai ba hujja ba ne, motar da ba ta tafiya mai nisa takan yi haka lokacin hunturu. Kuma don Allah kada a buɗe lagireto yana da zafi.

Mai Shago, Ƙofar Ruwa: Shamaki ya fi gammo, na janye. A kasuwa dai gasket za a ci gaba da cewa, kada ɗalibi ya zo yana tambayar shamaki a tura shi wajen masu dawaki. A darasin ku rubuta su biyun tare. Ƙari ɗaya ga masu Golf na gas: shamakinsu kauri uku ne, ana gane shi da huda ko tsaga ɗaya, biyu, ko uku a gefensa, gwargwadon yadda fistin ke ɗagowa sama da ganga. A ƙirga na tsohon kafin a jefar.

Oga Fanteka, Kaduna: Na karɓa: kan inji, gangar inji, shamakin kai. Bari in gwada su a aiki mu ji ko sun zauna a baki. A bar inji ya huce sarai, don kan alminiyam in aka kwance shi da zafi yakan karkace. A saita taimin a yi alama. Ana kwance notuna daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, ɗauri kuma daga tsakiya zuwa gefe. A kankare fuska biyu ba tare da ƙarzar alminiyam ba, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan kai, a tsaye da a karkace, a zura filagej, wato siririn ƙarfen awon rata. A Golf in ratar ta wuce milimita 0.1 sai an kai an goge fuskar, a 4A-FE kuwa iyakar 0.05 ce. A busar da ramukan notuna, domin ruwa ko mai da ya kwanta ciki yana iya tsaga ganga lokacin ɗauri. Golf 1.8 notuna goma ne: a ɗaure a 40 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), a koma 60, sannan kwatan zagaye sau biyu. Irin waɗannan notuna miƙewa suke yi, sababbi ake sawa, kuma da sifanar awo ake ɗauri, ba da ƙarfin dantse ba. Bayan haɗawa a sauya baƙin mai da filta, a fitar da iska daga ruwa.

Sannan a nemo abin da ya ƙona shi tun farko: fanka, famfon ruwa, toshewar lagireto da tsatsar ruwan rijiya, ko murfin da ya daina riƙe matsi. Cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, ba magani ba ne. A injuna da yawa ita ce ke rufe gajeriyar hanyar ruwa, in babu ita wani ruwan ya riƙa zagaye cikin inji bai leƙa lagireto ba.

Ɗan Maraɗi: Shamaki ya yi, Oga, mu ma za mu gane shi. Amma a sa gargaɗin 504 cikin darasin. Silindarta silibi ne da ake zurawa cikin ganga, ruwa na kewaye da shi. Ba a fizgo kai sama kai tsaye, gefe ake girgiza shi har ya saki, sannan a danne silibi da washa da noti, kuma kada a juya karanshaf kafin an danne. In silibi ya motsa, abin da ke tare ruwa a gindinsa ya saki, za a sa sabon shamaki amma ruwa ya ci gaba da zuba cikin mai ta ƙasa. Bayan ɗauri a sake saita bawul inji na sanyi: ratar na shiga milimita 0.10, ta na fita 0.25.