Fansho a Zamanin da Tsofaffi Ke Ƙaruwa: Shawarwarin da Aka Tattaro

An yi wata tattaunawa kan yadda za a ci gaba da biyan fansho yayin da tsofaffi ke ƙaruwa, kuma ta faro ne daga lissafi. A yawancin ƙasashe, kuɗin da ake cira daga albashin ma'aikatan yau da shi ake biyan 'yan fanshon yau. A Amurka, a 1960, ma'aikata kusan biyar ne ke ɗauke da mai karɓar fansho ɗaya. Yanzu ba su kai uku ba. Haihuwa ta ragu, kwana ya yi tsawo.

Shawarar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ƙara shekarun ritaya. Jamus na ɗaga nata sannu a hankali zuwa 67, China ma ta soma ɗaga nata a 2025. Amma da Faransa ta matsa daga 62 zuwa 64 a 2023, tituna suka cika da masu zanga-zanga. Aka ce a sanar da wuri, a bi mataki-mataki, a kuma sassauta wa masu aikin ƙarfi. A nan nake ganin gaskiyarsu: birkila da akawu ba tsufa ɗaya suke yi ba, kuma talaka bai cika kai shekarun mai hali ba.

Wasu suka yaba tsarin Suwidin, inda fansho ke daidaita kansa da tsawon rai da yanayin asusu, ba sai an jira 'yan siyasa ba.

Batun shigar da mata da baƙi 'yan ci-rani cikin aiki bai sha musu ba, sai dai an tunatar cewa su ma za su tsufa. Ƙara haraji kuwa, an ce a yi hattara, don kan matasa nauyin zai faɗa.