Ɗaliban jami'a na son koya wa yara kodin ta intanet, ta ina za a fara?

Baban Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wasu ɗalibai masu karanta kimiyyar kwamfuta ne ke son buɗe ajin kodin (wato rubuta wa kwamfuta umarni) ta intanet a ƙarshen mako, ga yara 'yan shekara 7 zuwa 14. Da me ya kamata a fara musu? Yara nawa ne daidai a aji ɗaya? Kuma me ke yawan kashe irin wannan aji tun bai je ko'ina ba?

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam, Baban Walid. Da farko kada a haɗa ɗan shekara 7 da ɗan 14 a zama ɗaya, ɗaya zai gaji da jira, ɗayan kuma a bar shi a baya. 'Yan 8 zuwa 11 a ba su Scratch, manhajar koyon kodin da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ne, tubala masu launi yaro ke ja yana haɗawa don ya motsa hotuna a allo, kamar na magen da ke zuwa da shi, babu ruwansa da kuskuren rubutu. 'Yan 7 sai ScratchJr, wato Scratch na ƙananan yara. Python kuma, yaren kodin da ake rubuta umarninsa da kalmomi, sai wanda hannunsa ya saba da madannai, yawanci daga 12 zuwa sama.

Yara biyar ko shida sun ishi malami ɗaya, domin dole ya leƙa allon kowane yaro a kowane zama. Zoom na kyauta yana katsewa a minti 40, don haka a tsara minti 35: biyar na nuna abin da za a gina yau, goma malami yana yi suna bi, sauran duk hannun yara ne.

Injiniya Kabiru:
Malama ta faɗi daidai. Ni abin da ya fi damuna shi ne, ɗalibin jami'a ya iya kodin amma bai iya haƙurin koyarwa ba. Yaro na maƙalewa sai ya yi wuf ya faɗa masa amsa, ko ya rubuta masa ya kwafa. Aikin zai tashi, amma yaron ya fita da kai fayau. A horar da su su riƙa tambaya: "Me kake so magen ta yi? To me ta yi?" Sannan su yi shiru, ko da na rabin minti ne.

Kuskuren yara kusan iri ɗaya ne. A Scratch, yaro ya jera tubala a kan wani hoton daban, ko ya manta tubalin koren tuta mai tayar da aikin a sama, sai ya danna ya ga babu abin da ya motsa. A Python kuwa, tazarar farkon layi ce: sarari huɗu ake bari, in aka gauraya shi da Tab sai ta ƙi. Haka rubuta print da babban baƙi. A saka Thonny, manhajar rubuta Python ce, yana zuwa da Python a cikinsa, kuma a ware zama guda tun kafin darasin farko don sakawa da gwada murya, in ba haka ba darasin zai ƙare a "ba na jin ka, Malam".

Hajiya Asabe:
Ku ƙara da lokacin jarrabawa. Malaman nan su ma ɗalibai ne, mako biyu ko uku za su ɓace, yara su watse. A sa mutum biyu a kowane aji, kuma a rubuta inda aka tsaya bayan kowane zama. Batun tsaro ma ba na wasa ba ne: babu hira ta sirri tsakanin malami da yaro, duk saƙo ya bi ta zauren iyaye. Scratch na da asusun malamai, da shi ake buɗe wa yara nasu ba sai da imel ba.

Baban Walid:
Allah Ya saka da alheri. To yaron da waya kawai ke gidansu fa?

Injiniya Kabiru:
Allon waya ya yi wa Scratch ƙanƙanta, jan tubalan zai zame masa wahala. Ya fi kyau ya haɗu da wani yaron mai kwamfuta, wayar ta zama ta kallon malami, su riƙa karɓa-karɓa a kan madannai duk minti goma.