Musayar waƙa: Bulus da Yaƙub, wa ya faɗi gaskiya?

Ɗan Kakuri:
Salama gare ku. Ranar Lahadi da safe an yi mana wa'azi daga wasiƙar Bulus ga Afisawa 2:8-9, da yamma kuma muka yi nazarin Yaƙub sura 2. Na kwana ina juya abin a raina. A amsa mini da waƙa.

Bulus ya ce ceto kyautar Allah ce,
Ana karɓar ta ta hanyar bangaskiya.
Ba ladan aiki ba ne, in ji shi,
Don kada ɗan Adam ya tashi fahariya.
Yaƙub kuwa ya ce bangaskiya in babu aiki,
Matacciya ce, gawa ce shimfiɗaɗɗiya.
Iyayena, ku raba mini gardamar nan,
Cikin bayin Allah biyu wa ya faɗi gaskiya?

Mama Zumunta, Narayi:
Ɗana, zo zauna in ba ka labari,
Na maƙwabciyarmu, wata gwauruwa.
Iskar damina ta kwashe kwanon ɗakinta,
'Ya'ya huɗu suna kwana cikin ruwa.
Wani ya zo ya ce, "Allah ya rufa asiri,"
Ya juya ya tafi, ba ko waiwayawa.
Maganar tasa ba ta toshe yoyo ba,
Ba ta zama tuwo ba ga mai jin yunwa.
Abin da Yaƙub ke nufi ke nan, ɗana,
Aljanu ma sun gaskata, suna karkarwa.

Malamin Sabon Tasha:
Mama, na ji, na kuma rusuna miki,
Amma ki tuna da ɓarawon kan gicciye.
Hannu a kafe, ƙafa a kafe,
Wane aikin kirki yake da shi a ajiye?
Roƙon a tuna da shi, shi ne duk jarinsa,
Yesu ya ce yau ɗin nan wurinsa na shirye.
A Kasuwar Barci ka taya, a ce albarka,
Ceto ba shi da tayi, farashinsa biyayye.
Ibrahim ya gaskata, aka lissafta masa adalci,
Tun ba Ishaku, sai alkawari a tsaye.

'Yar Barnawa:
Baba Malam, ni 'yar Katolika ce, kuma wannan magana tana taɓa ni, domin a kanta iyayenmu na Turai suka rabu. Martin Luther ya ta da ita a Wittenberg ta Jamus a 1517, Majalisar Trent ta Katolika ta zauna daga 1545 zuwa 1563 tana mayar da martani. Sai ranar 31 ga Oktoba, 1999, a Augsburg, Katolika da Lutheran suka sa hannu cewa ta alheri kaɗai ake karɓar mu, Ruhu Mai Tsarki kuma yana kiran mu ga aikin kirki. Ga nawa baitin:

Baba, ka tsaya mana a aya ta tara,
Ka ƙarasa ta goma, shi ne roƙona.
An halicce mu cikin Almasihu don aikin kirki,
Allah ya shirya shi tun kafin kakana.
Bulus ɗin nan ya rubuta wa Galatiyawa,
Bangaskiya tana aiki ta wurin ƙauna.
Ranar da za a ware tumaki da awaki,
Sarki zai ce, wa ya kashe mini ƙishina?

Baba Tsoho, Unguwar Television:
Na yi shekaru ina aikin masaƙa a Kakuri,
Ina ƙirga kwana, ina jiran ƙarshen wata.
Albashi haƙƙina ne, gumina ya saye shi,
Bulus ma ya ce lada ba a kiran sa kyauta.
Amma a gonar ubana na yi noma tun asuba,
Ba sisin kwabo, ban taɓa kiran sa bauta.
Ban yi noman don in zama ɗansa ba,
Ɗa nake tun a zanen goyo, mai gata.
Ibrahim da aka karɓa a Farawa 15,
Shi ne a 22 ya nufi Moriya da wuƙa da wuta.
Ɗan da ya ga ciyawa ta cinye gonar gida,
Ya miƙe ƙafa a inuwa, asalinsa ya manta.

Malamin Sabon Tasha:
Baba, na karɓa. Tsorona ɗaya ne, kuma ina ganin sa a ajin Lahadi: mutum ya riƙa ƙirga baiko da zakka yana bin Allah bashi.

In na ba da buhu, kada in rubuta shi,
Wanda ya ba ni hannun, shi ya ba ni hatsi.

Ɗan Kakuri:
Na gode, iyayena da 'yar'uwata. Baitin Mama ya soke ni, domin ni ma na sha cewa "Allah ya rufa asiri" in wuce.

Mama, ni kafinta ne, ina da guduma,
Ina da ragowar katako da ƙusa a shago.
Shin ɗakin gwauruwar nan yana buɗe har yanzu?
Asabar ba ni da aiki, sai in taho.

Mama Zumunta, Narayi:
A buɗe yake, ɗana, leda muka shimfiɗa,
Zumuntar mata ta tara kuɗin rabin bandir.
Ka zo da sassafe kafin hadari ya haɗu,
Ka taho da tsani, namu ya karye.

'Yar Barnawa:
Sauran rabin bandir ɗin ku bar mana. Zan yi magana da matan ikkilisiyarmu gobe bayan Mas.