Koren gas ko CO2: wane kwanso ne ke jure sanyin Jos?

Na Bukuru: Salamu alaikum. Zan faɗi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Duk mai sayen kwanson gurnetin eyasof (wasan harbi da bindigogin wasa masu ƙwayar roba) na koren gas a garin Jos, kuɗinsa kawai yake zubarwa. Asabar da ta wuce, bakwai na safe, na laɓe bayan dutse, sai ga mutum uku sun jero kamar an aiko min su. Na ja kunamar lanca, wato bindigar da ke harba kwanson, sai na ji "fuss". Ƙwaya 120 na ɗura, duk suka zube a gaban takalmina kamar an ɓarar da gero. Suna harbina suna dariya. A hunturun garin nan kwanso mai aiki da CO2, wato iskar kabon dayoksaid, ne kaɗai magani.

Mai Faci: Wa alaikumus salam. Ni da iska nake cin abinci, kuma a nan kana da gaskiya. Koren gas ɗin nan furofen ne, wani gas mai kama wuta, da aka sa wa ɗan man silikon, ƙarfinsa kuwa zafi yake bi. A digiri 20 yana ba da kusan psi 110, a ma'aunin da muke auna iskar taya. In gari ya sauka digiri 10, yadda yake mana da asubahin Disamba da Janairu, ba ya kai 80. CO2 a digiri 20 ya haura 800. Tayar motarka dai talatin da 'yan kai nake sa mata, sai ka auna.

Na Bukuru: To kun ji daga bakin mai sana'a.

Kawu: Ɗana, kafin ka yi murna, a ina kwanson ya kwana?

Na Bukuru: A but ɗin mota, Kawu.

Kawu: Ka bar ƙarfe ya kwana a waje cikin sanyin Bukuru, ka tashi ka ɗura masa gas daga gwangwanin da shi ma can ya kwana, ka harba nan take. Ko kai aka yi wa haka ba za ka iya gudu ba. Ɗurin kansa sanyaya kwanso yake yi, taɓa shi bayan ka cire gwangwani ka ji. Ni nawa a ɗaki nake ɗurawa, in kifa gwangwanin kansa ƙasa don ruwan gas ɗin ya shiga, in jefa su aljihun ciki na rigar sanyi. Sai za a shiga fili nake fito da su, da ɗuminsu kamar dafaffen ƙwai. Hunturu uku ke nan ba su ba ni kunya ba. Aljihu na ce fa, kar wani ya je ya kanga shi a gaban kaskon wuta, abin yana kamawa.

Ƙanwar Gida: Yayyena ku yi haƙuri da tambayar sabon shiga. Tunda furofen ne, me zai hana in ɗura daga tukunyar gas ɗin girkinmu? Gwangwanin nan tsada gare shi, kuma mai kawowa ya ce jirgin sama ba ya ɗauka.

Mai Faci: Ƙanwata, rufa mana asiri. Na girki gauraye ne da butan, shi kuwa butan ƙarfinsa bai kai rubu'in na furofen ba, ga shi babu mai a ciki. Ki yi wasa da tiyo a kicin, ki tashi unguwa, ƙwaya kuma ko ƙofa ba za ta kai ba.

Na Bukuru: Ku dawo kan magana. Kawu, dabararka ta lallaɓa ce. Ni ina son abin da zan rataya a ƙirji in manta da shi.

Ɗan Abuja: Ni a nan matsalar tawa akasin taku ce. Watan Maris in rana ta take, koren gas har ya fi ƙarfin da nake so. Amma ina da labarin CO2. Wani abokina ya ɗura shi cikin kwanson da ba a yi don shi ba, kai tsaye daga ƙaramar kwalbar nan mai giram 12, babu abin rage ƙarfi. Zoben roban ya fito ta gefe kamar taliya, bawul ya cije, har yau kwanson yana kan tebur ana danne takarda da shi. Wanda aka ƙera don CO2 daban yake, ya fi kauri, ya fi tsada, kuma sai ka sayi abin ɗurinsa.

Na Bukuru: Wannan ganganci ne na abokinka, ba laifin CO2 ba.

Ɗan Abuja: Na yarda. Amma lissafa kuɗin duka kafin ka ce wa mutane su zubar da nasu.

Kawu: Akwai abin da har yanzu ba wanda ya taɓo, kuma a ganina shi ya fi kashe kwanso a garin nan: ƙura. Kuna ta zagin sanyi, alhali iskar hunturu ce ke busar da zoben roba, ƙura ta shige cikin bawul. A ciki akwai 'yan ƙananan boris da ke riƙe bawul ɗin, yashi ɗaya ya isa ya hana su zama daidai. Gas ya yi ta tsiyaya tun daga gida, ka zo fili rabi ya tafi, ka ce sanyi ne. Ɗana, da ka gama harbi kana tura bawul ɗin ya koma har ka ji ƙas kafin ka sake ɗuri? Yaushe rabonka da ɗiga masa man silikon?

Na Bukuru: Mai dai ina sa masa. Na keken ɗinkin gidanmu.

Mai Faci: Innalillahi! Na janye goyon bayana. Man da aka samo daga fetur kumbura roba yake yi. Kuma ka sani CO2 busasshe ne, babu mai a cikinsa ko ɗigo, mutum mai irin wannan kulawa sati biyu zai cinye zoben.

Kawu: In za ka ajiye, bar masa ɗan gas kaɗan a ciki, yana riƙe zoben a mazauninsa.

Ƙanwar Gida: Ni kuma a matsayin wadda ake harbi, ina da ƙorafi. Abin nan watsa ƙwaya yake yi, na kusa ne, a lungu ko bakin ƙofa. In kun ƙara masa ƙarfin CO2 a taku biyar, wa zai sha? Ranar nan ƙwaya ta shiga tsakanin tabarau da ƙyallen fuskata, kwana huɗu ina yawo da tabo a kunci, Mama na tambaya.

Ɗan Abuja: Shi ya sa ya kamata fili ya sa iyakar tazara, kuma kowa ya rufe fuska gaba ɗaya, ba ido kaɗai ba.

Kawu: Kuma tunda ka ambaci but ɗin mota: kwanson nan milimita 40 ne, an kwaikwayi na M203, bindigar harba gurneti ta sojan Amurka. Jami'in da ya buɗe but ɗinka a shinge da daddare ba zai tsaya tambayar koren gas ne ko CO2 ba. Jos ce nan. Ka bar su a ma'ajiyar fili.

Na Bukuru: Wannan na ɗauka, Kawu. Amma kan sanyi ban sauka ba. Asabar, shida da rabi, kafin rana ta leƙo Dutsen Shere. Ka zo da naka na aljihu, zan aro na CO2, mu kafa kwali a taku goma sha biyar mu ƙirga huda.

Kawu: Allah ya kai mu. Wanda ya faɗi shi zai sayi shayi da ƙosai.

Mai Faci: Kawo min naka shago kafin nan in canza zoben. Kwalbar man keken kuma ka mayar wa Hajiya.