Wace shuka ce ke jure ƙasa marar ƙarfi?

Mai_lambu:
Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Filin bayan gidana yashi ne da tsakuwa, ruwa ba ya zama ko kaɗan, duk abin da na shuka sai ganyen ya yi ɗorawa ya tsumbure. Me zan sa da zai yi?

Manomi:
Wa'alaikumus salam. Malam fara da wake ko gyaɗa, su ba ruwansu da taki mai yawa saboda a saiwarsu akwai wasu 'yan ƙulli da ƙwayoyin halitta ke zaune ciki suna jawo sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa ma suke gyara ƙasa. In ka girbe waken kar ka tuge saiwar, bar ta ta ruɓe a wurin.

Uwargida:
Ni dai zogale zan ce, saiwarsa na nitsewa can ƙasa kuma yashin ma ya fi so, abin da ba ya so shi ne ruwa ya kwanta masa a gindi. Yakuwa ma tana da haƙuri sosai.

Mai_lambu:
Na gode Hajiya. To dankali fa?

Manomi:
Zai yi, amma ja kunya mai tudu, kuma kar ka cika masa taki, sai ya yi ta yaɗo da ganye ba 'ya'ya. Rogo ma haka yake jurewa, sai dai shi yakan kai wata 8 zuwa 12. Sannan kashin dabbobi sai ya ruɓe tukuna ka zuba, ɗanye ƙona shuka yake.