Ɗanyen jins: sai yaushe zan fara wanke shi?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi wandon jins irin wanda ba a wanke shi a kamfani ba, wanda ake ce wa ɗanye. Yau sati uku ke nan ina sa shi. Tauri kamar kwali, in na zauna sai ya riƙa cizona a bayan gwiwa, ga shi ya shafa wa farin takalmina shuɗi. Wani abokina ya ce kada in kuskura ruwa ya taɓa shi sai bayan wata shida. Gaskiya ne ko zolayata yake?

Bashir: Wa alaikumus salam. Ba zolaya ba ce, amma rabin zancen ya gaya maka. Shunin da ake rina jins da shi ba ya ratsa zare. Ana tsoma zaren a ruwan rini, a fito da shi iska ta buge shi ya koma shuɗi, a sake tsomawa, sau da yawa. Duk da haka launin a bayan zaren yake tsayawa, cikinsa fari fat. Kuma zaren tsaye kaɗai ake rinawa, na kwance fari ake barinsa, shi ya sa in ka juya wandon za ka ga cikinsa da haske. To duk inda yadin ya gogu, shunin ne ke kankarewa, farin ciki ya leƙo. Wanda kake gani a kanti ya riga ya koɗe, da dutse ko takardar goge katako aka yi masa a kamfani. Naka kuwa jikinka ne zai yi masa aikin.

Aminu: To ina ruwan wanki a ciki, Yaya Bashir?

Bashir: Sitacin da ke jikin yadin. Shi ne taurin da kake kuka da shi, kuma shi ke sa ninkin wandon ya zauna wuri guda. Kullum ka zauna, a layi ɗaya yake lanƙwashewa, doron ninkin na goguwa, lungun kuma na ɓoye. A hankali sai layuka su fito a saman cinya kamar gashin bakin mage, bayan gwiwa kuma ya yi zane kamar saƙar zuma. Ka wanke da wuri, sitaci ya tafi, shuni ya zuba bai ɗaya, bambancin duhu da haske ya ragu. Asalin maganar wata shida ke nan.

Anti Rabi: Bashir, bari in shigo nan, don ni ake kawo wa gawar. Shekarata da yawa a kan keken ɗinki, kuma duk wandon da aka ce ba a taɓa wanke shi ba, a wuri ɗaya yake mutuwa: tsakanin cinyoyi. Gumi da ƙura da 'yan ƙananan tsakuwoyi suna shiga saƙar, kana tafiya suna cin zaren kamar zarto. Auduga kuma in ta daɗe da datti sai ta yi rauni. Ran nan wani yaro ya kawo min nasa, zanen bayan gwiwa gwanin kyau, amma ƙasan ya yage har ina zura hannu. Warin kuwa, a bar kaza cikin gashinta. Aminu, in ya yi datti ka wanke kayanka.

Usman: Ni dai a firiza nake sa nawa ya kwana, ba sai na wanke ba.

Anti Rabi: Usman, sanyi ba ya kashe ƙwayoyin da ke kawo wari, kwantar da su kawai yake yi. Da wandon ya ji ɗumin jikinka sun farka. Gumin da dattin kuma suna nan inda ka bar su.

Usman: To Anti, na tuba. Dama uwargida ta hana ni.

Malam Garba: Akwai abin da ba wanda ya tambaye shi. Aminu, duba takardar jikin wandon, an rubuta Sanforized ko babu? Wata dabara ce ta tsuke yadi tun a masana'anta, wani Ba'amurke Sanford Cluett ya yi mata rajista a 1930. In an yi wa naka, kaɗan zai ja in ya sha ruwa. In ba a yi ba, kamar wandon Levi's 501 ɗin da suke kira Shrink-to-Fit, yana iya tsukewa har kusan kashi 10 cikin 100. Irin wannan tun ranar farko ya kamata ka jiƙa shi. In ba haka ba sai ka yi wata shida kana kafa zane, ranar wanki ƙafar ta gajarce, zanen bayan gwiwa ya haura sama ya bar gwiwar. Ya faru da ni, ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Aminu: Na duba, an rubuta Sanforized. An kuma rubuta oza 14.

Malam Garba: Madalla, ka huta. Oza ma'aunin nauyi ce, oza 14 nauyin ƙyalle ne mai tsawon yadi ɗaya da faɗin yadi ɗaya, matsakaici ke nan, ka yi dace. Akwai masu kaiwa oza 21, zanensu na fita da ƙarfi don ninkin kauri gare shi, amma makonnin farko azaba ce. Shawarata ga mai sayen na gaba, ya nemi auduga zalla. Mai ɗan roba a ciki ya fi daɗin sawa, sai dai ninkinsa ba ya zama daram, zanen sai ya fito a dishe.

Zainab: Tambaya, jan layin nan da ake gani in an naɗe ƙafar wando, shi ne alamar ɗanye?

Bashir: A'a, abu biyu ne daban. Wancan gefen yadi ne da tsohuwar masaƙa mai ƙoshiya ke rufewa da kanta. Masaƙun Japan, musamman na yankin Okayama, sun yi suna da shi. A Amurka masaƙar White Oak ce ta shahara, ta rufe a 2017. Kana iya samun mai jan layi da aka wanke, kana iya samun ɗanye marar layi. Ba layin ke koɗewa ba, don haka kada ki biya kuɗinsa da sunan zane.

Anti Rabi: Aminu, batun wankin kuwa, ga yadda nake yi. Ka juya shi bai-bai, ka cika baho da ruwan sanyi, sabulu kaɗan marar bilic. Ka bar shi ya jiƙu kamar rabin awa, ka ɗan motsa shi da hannu, ban da cuɗawa da murɗewa. Ka ɗauraye, ka shanya a inuwa ta ƙugu. In injin wanki za ka sa, to ka rage gudun matsewar, don shi ke barin fararen layuka barkatai waɗanda ba sa gyaruwa. Kuma shi kaɗai, kada ka haɗa shi da fararen kaya. Da ka ga tsakanin cinya ya fara sirancewa ka kai wa tela ya cike shi tun bai huje ba.

Bashir: Ban ƙi ta Anti ba. Nawa na farko na kai wata bakwai ban wanke ba, na biyu kuwa duk bayan wata biyu. Na farkon ya fi zane mai kaifi, na biyun ya koɗe a natse, shuɗinsa ya yi haske mai kyau, kuma shi ne har yau nake sawa. Abin da na lura, yawan sawa ya fi komai tasiri. Mai hawa babur ko mai yawan tsuguno zai ga zane cikin wata uku, mai sawa sau ɗaya a mako ko shekara ya yi da kyar ya ga wani abu. Ka kuma lura da aljihu, wayarka da walat ɗinka duk sai siffarsu ta fito. In ba ka so, ka riƙa sauya musu wuri.

Aminu: Na gode ƙwarai. Zan kai wata uku in ga yadda hancina zai ce. Takalmin fa, akwai dabara?

Zainab: Ka naɗe ƙafar sau ɗaya don kada bakin ya riƙa gogarsa, ka kuma ajiye farin takalmin sai bayan wankin farko. Farar kujerar mutane ma ka yi hattara da ita, ni sai da na ba da haƙuri a gidan ƙawata.